Yadda ma'aikata da injinan da ke sarrafa kansu za su yi aiki a ramin kwal ɗaya ba a rasa rai ba

Tambayar ta fito ne daga wani matashin injiniya mazaunin Bukuru, wanda aka ɗauka aikin kula da lafiyar ma'aikata a wata mahaƙar kwal. A taƙaice ya ce kamfaninsu na shirin kawo injinan da ake sarrafawa da rimot, da tifofi masu na'urar gano mutum, har ana maganar nan gaba za a kawo masu tuƙa kansu babu direba. Leburori da makanikai kuma suna nan cikin ramin ba inda za su. Yana son sanin ta ina zai fara, kuma ko na'urar da ke tsayar da inji idan mutum ya matso ta wadatar.

Injiniya, sannu da ƙoƙari, Allah Ya sa ka fara a sa'a. Tambayarka ta biyu amsarta gajeriya ce: ba ta wadatar ba. Waccan na'ura ita ce katanga ta ƙarshe, wadda ake fatan kada a kai gare ta. Duk ranar da ta tsayar da inji saboda mutum, ka sani akwai katangu da dama da suka riga suka rushe kafin a zo kanta.

Alherin waɗannan injina a bayyane yake. Suna raba mutum da wuraren da suka fi cin rai: bakin haƙa, ƙarƙashin rufin da ba a tokare ba, gaɓar rami, da ƙurar da ke cinye huhu a hankali. Amma sun zo da wani abu da iyayenmu da suka yi aikin kuza a Filato ba su sani ba. A da, idan kana tafe a ƙasa katafila na aiki, ka ɗaga hannu, direba ya ɗaga maka, kun haɗa ido, ka wuce. Yanzu babu idon da za ka kalla. Ka tarar da inji a tsaye shiru, ba ka san ko a kashe yake ba, ko kuwa jiran umarni yake daga ɗakin kula da ke can nesa da kai. Saboda haka aikinka gaba ɗaya ya taru a kan abu biyu: kowane mutum a ramin ya san halin da inji ke ciki a kowane lokaci, sannan inji ya rasa ikon motsi muddin akwai mutum a inda zai iya taɓa shi.

Ka fara da tantance abin da za a kawo muku, domin mutane na haɗa iri uku a suna ɗaya. Akwai injin rimot wanda mai sarrafa shi ke tsaye kusa yana kallonsa da ido. Akwai wanda ake tuƙawa daga ɗaki ta kyamara. Akwai kuma mai cin gashin kansa, wanda kwamfuta ke ba hanya ya bi. Na farko shi ya fi kashe mai riƙe da rimot ɗin kansa, saboda yana matsowa don ya gani da kyau. Na biyu yana kashe wanda ya tsaya a inda kyamara ba ta kaiwa, kuma hoton kan makara kaɗan kafin ya isa allo. Na uku yana kashe wanda ya shiga yankinsa ba a yi masa rajista ba, ko wanda ya ɗauka ya san inda zai juya.

Mahaƙun kwal da ke aiki a Najeriya yanzu galibinsu buɗaɗɗun ramuka ne, irin na Maiganga a Gombe da na yankin Okaba da Ankpa a Kogi, don haka bari mu daɗe a nan.

Akwai wani tsari da manyan kamfanonin haƙa na duniya suka fitar ta ƙungiyarsu mai suna EMESRT, wanda ya jera matakan kare mutum daga mota hawa tara. Na'urar da ke faɗakar da direba tana hawa na bakwai, mai ba shi shawarar abin yi tana na takwas, mai ƙwace birki ta taka da kanta tana na tara. Hawa shida na farko duk babu na'ura a ciki: tsarin hanya ne, da raba mutane da motoci, da ƙa'idar aiki, da izinin tuƙi, da lafiyar direba, da bin doka. Masu sayar da kaya za su fara maka da hawa na tara domin shi ne mai kuɗi. Kai ka fara daga ƙasa.

Ɗauki taswirar ramin ka ja layi. Hanyar tifofi daban, hanyar ƙananan motoci daban, hanyar masu tafiya a ƙasa daban, kuma a raba su da tudun ƙasa na gaske, ba da igiya ko fenti ba. Tudun gefen hanya kada ya gaza tsakiyar tayar tifa mafi girma da kuke da ita. Hanyar da tifofi ke giftawa da juna faɗinta ya kai ninki uku da rabi na faɗin tifar. Mahaɗa ta zama mai ƙafa uku, a kauce wa mai ƙafa huɗu, kuma a rage tsayin tudu a kusa da ita don ƙaramar mota ta hango abin da ke tafe. Wurin ajiye motoci, wurin cin abinci, banɗaki da masallaci duk su kasance a gefen da mutum ba zai tsallaka hanyar tifa ba kafin ya kai. Wannan batu na masallaci ka ɗauke shi da muhimmanci. Mutum zai je sallar azahar da la'asar ko ta halin ƙaƙa, idan hanyar da ka shata masa ta yi nisa zai yanke ta gajeriya, kuma gajeriyar ita ce wadda tifa ke bi.

Idan ana maganar nisa, ka riƙa yi wa mutanenka lissafi a fili. Tifar da ke gudun kilomita 40 a awa tana cin kusan mita 11 a kowace daƙiƙa. Idan tsakanin ganin mutum da kamawar birki an ɗauki daƙiƙa biyu, ta riga ta ci mita 22 ba ta ko fara rage gudu ba. Ƙara mata lodi, ƙara gangara, ƙara santsin damina. Manyan tifofin da ake sa wa tsarin tuƙa kai, irin Komatsu 930E, suna ɗaukar kusan tan 290. Ko naku ba su kai rabin haka ba, ƙaramar mota a ƙarƙashinsu kamar gwangwani take. Kowace mahaƙa ta auna nisan tsayawar motocinta da kanta, da lodi, a kan gangararta mafi tsanani, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina, sannan a saita na'urar gano mutum a kan wannan awon. Lambar da ke cikin littafin kamfani an same ta ne a kan busasshiyar hanya mai kyau.

Idan har aka kai ga masu tuƙa kansu, yankinsu na zama rufaffe, ƙofa ɗaya ko biyu, da mai gadi ko shinge mai buɗewa da kati. Duk motar da za ta shiga sai tana ɗauke da na'urar da ke nuna wa kwamfuta inda take, da allo mai nuna wa direbanta hanyar da aka ba kowace tifa, da maɓallin tsayar da duk tifofin da ke kusa. A saman kowace tifa akwai fitila mai nuna halin da take ciki. A wurare da yawa shuɗi na nufin tana tuƙa kanta, amma launin ya danganta da kamfani, don haka a koyar da na wurinku har ya zauna a kan kowa, a kuma gwada idon ma'aikata, domin akwai mazan da ba sa bambance ja da kore kuma su kansu ba su sani ba. Hukumar ma'adinai ta Yammacin Ostireliya, wadda ta fitar da ƙa'idar aikin irin waɗannan motoci a 2015, ta taɓa ba da rahoton karon wata tifa mai tuƙa kanta da tankar ruwa mai direba. An ba tifar umarnin juyawa a wata mahaɗa da ke cikin taswirar kwamfuta amma babu alamarta a ƙasa, direban tankar bai san za ta juya ba, na'urar ta gano shi amma nisan bai isa ta tsaya ba. Darasin da za ka ɗauka shi ne taswirar da ke cikin kwamfuta da abin da ido ke gani a ƙasa dole su zama abu ɗaya kullum. Duk canjin hanya, ko na mita goma ne, a sa alama a ƙasa kuma a faɗa wa kowa kafin a saka shi a kwamfuta.

Akwai abubuwan da wanda ya ƙera injin a Turai ko Sin bai lissafa da su ba, kai ne za ka lissafa. Ƙurar hunturu na rufe gilashin na'urar da ke auna nisa da haske, sai ta riƙa ganin cikas inda babu, ko ta kasa ganin wanda yake akwai. Na'urar rada ta fi jure ƙura amma ba ta bambance abu da kyau, shi ya sa ake haɗa su biyu, kuma goge su ya zama aikin kowane canjin aiki, da sunan wanda zai yi. Ruwan sama na wanke gefen hanya cikin dare ɗaya. A ƙasan rami mai zurfi, kusa da bango, siginar tauraron ɗan'adam na raguwa, inji ya ɗauka yana nan alhali yana can. Wuta na ɗaukewa, janareta na ɗaukar lokaci kafin ya tashi, don haka ɗakin kula da turakun sadarwa su kasance a kan batir. Sai kuma mutanen da ba ma'aikatanku ba: makiyayi da shanunsa, mai babur da ya saba yanke hanya, yara masu tsintar kwal, mata masu kawo abinci. Babu ɗayansu da ke ɗauke da na'urar da inji zai gane. Wannan shinge da mai gadi da zama da mai unguwa da arɗo ne ke maganinsa, kuma a yi shi kafin injin ya iso.

Tambaya ɗaya da za ka yi wa duk mai sayar muku da kaya, ka nemi amsa a rubuce: idan sadarwa ta yanke, ko batirin rimot ya mutu, ko wata na'ura ta lalace, me injin zai yi? Amsar da za a karɓa ɗaya ce, ya tsaya ya taka birki. Sai ta biyu mai bin ta: idan sadarwar ta dawo fa? Idan aka ce zai ci gaba da aiki da kansa, kada ka yarda. Dole mutum ya tabbatar wurin babu kowa, ya ba da izini, jiniya ta yi kuka, a jira wasu daƙiƙoƙi, sannan ya motsa. Lokacin da inji ya tsaya ba dalili shi ne lokacin da mutane ke matsowa su ga me ya faru.

Wannan ya kawo mu inda mafi yawan jinin ke zuba. Inji yana tsakiyar aikinsa mutane na nesa da shi. Haɗarin na zuwa ne a lokacin gyara, da shan mai, da cire abin da ya maƙale, da canjin ma'aikata, da mayar da inji daga hannun mutum zuwa hannun kwamfuta. Maganinsa kwaɗo ne, kuma ina so ka riƙe wannan fiye da duk abin da ke cikin amsar nan.

Ga yadda ake yi. Makanike ya kira ɗakin kula ta oba-oba ya faɗi lambar injin da abin da zai yi. Ɗakin kula ya cire injin daga aiki, ya kuma rufe yankin da ke kewaye da shi don kada wata tifa ta biyo. Makaniken ya maimaita abin da aka gaya masa, ya dubi fitilar injin ya tabbatar ta canja. Sannan ya matsa, ya kashe babban makunnin da ke jikin injin, ya maƙala kwaɗonsa mai ɗauke da sunansa, makullin na aljihunsa. Idan mutum biyar ne za su yi aikin, kwaɗo biyar za a gani. Foman ba ya kulle wa kowa, kuma babu makulli na biyu a durowar ofis. Daga nan a sauke duk ƙarfin da ya rage a jikin injin: a ajiye bokiti ko faffaɗan ƙarfen gaban katafila a ƙasa, a saki matsin man haidurolik, a sa waigi a taya, idan an ɗaga bayan tifa a sa masa ƙarfen tokare. Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa: a gwada tayar da injin. A gwada daga jikinsa, a gwada da rimot, a ce ɗakin kula ma su gwada. Sai ya ƙi tashi ta duk hanyoyin uku sannan hannu ya taɓa shi.

Ka ja kunnen mutanenka a kan abu guda: tsayar da inji daga kwamfuta, ko danna jan maɓallin gaggawa, ba kullewa ba ne. Abin da aka tsayar da umarni, umarni na iya tayar da shi, kuma wanda zai ba da umarnin ƙila yanzu ya karɓi aiki bai san kana ƙarƙashi ba. Idan wani ya tafi gida ya manta kwaɗonsa a jiki, a kira shi ya dawo. Idan ba a same shi ba, manaja da kai ku zagaya injin da ƙafa, ku tabbatar, ku sa hannu a takarda kafin a yanke kwaɗon. Ranar da aka fara yanke kwaɗo saboda sauri, daga ranar ya daina kare kowa.

Man haidurolik kuma yana da nasa sharrin. Matsin da ke cikin tiyon waɗannan injina kan haura 300 a ma'aunin matsi da ake kira bar, alhali 7 kacal na iya huda fata. Idan tiyo ya yi ƙaramin huji, kada kowa ya lalubi wurin da hannu, a yi amfani da kwali. Wanda man ya shiga masa fata zai ga ɗan tabo kamar cizon sauro, ya ce ba komai. A kai shi asibitin da ke da likitan tiyata nan take, da sunan man a rubuce, domin jinkirin sa'o'i na iya jawo yanke yatsa ko hannu.

Yanzu ita na'urar gano mutum. Ta ƙarƙashin ƙasa yawanci tana aiki ne da maganaɗisu: akwai akwatuna a jikin inji masu shimfiɗa fili kewaye da shi, ma'aikaci kuma yana ɗauke da ƙaramar na'ura a ɗamararsa ko a fitilar hularsa. Ya shiga da'ira ta waje a yi ƙara da walƙiya, ya shiga ta ciki inji ya tsaya. Amurka ta wajabta ta a kan injinan yankan kwal a 2015, bayan mutum sama da 30 sun mutu tun 1984 ta hanyar matsewa tsakanin irin wannan inji da bango. Afirka ta Kudu ma ta wajabta tsarin tsayar da motocin mahaƙa da kansu daga ƙarshen 2022. Na'urar tana ceton rai, babu shakka. Amma ga inda take faɗuwa. Ƙarfe na lanƙwasa filin maganaɗisun, don haka ragar ƙarfen rufi ko babban kebul da aka naɗe kusa da inji na iya sa da'irar ta faɗaɗa a wani gefe ta tsuke a wani. Wasu kayan lantarki da mutum ke ɗauke da su na rikita ta: a Amurka an gano na'urar auna ƙura da ma'aikaci ke ratayawa na yin haka, aka ce a raba su da aƙalla santimita 15. Batiri na mutuwa. Mutum na cire ɗamara saboda zafi ya rataye ta a ƙusa, inji na ganinsa a can alhali yana nan. Don haka a farkon kowane aiki kowa ya bi ta wurin gwaji da na'urarsa, sannan mutum ɗaya ya tako zuwa ga injin daga gaba, da baya, da kowane gefe, ana duba inda ƙara ke farawa da inda yake tsayawa, a rubuta.

Babbar cutar ita ce ƙarar banza. Idan na'ura na kuka sau ɗari a yini ba dalili, cikin mako biyu kunne zai daina ji, cikin wata guda wani zai toshe lasifikar da tsumma ko ya haɗa waya ya zagaye ta. Idan ka tarar da haka, kafin ka hukunta kowa ka nemi dalilin yawan kukan. Sau da yawa da'irar ce aka yi wa faɗi fiye da kima, ko hanya ce ta matso da mutane kusa da inji ba gaira ba dalili. Ka riƙa sauke bayanan na'urar kowane mako, ka ga wane wuri da wane lokaci aka fi shiga da'ira. Wannan zai nuna maka inda taswirarka ta yi kuskure.

Idan aikinku zai shiga ƙarƙashin ƙasa, akwai ƙarin magana. Injin yankan kwal na rimot yana tafiya ne a kan sarƙa, kuma idan ya juya, wutsiyarsa na sharo gefe da sauri fiye da yadda ido ke zato. Lokacin matsar da shi daga wuri zuwa wuri, babu mai tsayawa a gefensa, ko kusa da kansa, ko kusa da wutsiyar, har da mai rimot ɗin da mai jan kebul. Wanda zai gyara kebul ya jira a kashe famfon injin. Kuma rimot ba izinin wuce ƙusar rufi ta ƙarshe ba ne: inji na iya shiga ƙarƙashin rufin da ba a ɗaure ba, mutum kuwa a'a, ko da hularsa ce ta faɗa can.

Iskar metan, wato gas ɗin da ke fitowa daga jikin kwal, na kama wuta idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iska. A dokar Amurka, idan ta kai kashi 1 a wurin aiki ana kashe kayan lantarki a gyara iska, idan ta kai 1.5 ana fitar da mutane, na'urar da ke jikin inji kuma tana yanke masa wuta da kanta a kashi 2, ana kuma daidaita ta da iskar gwaji aƙalla kowane kwana 31. Inji mai sarrafa kansa yana yanka da sauri ba hutu, don haka yana sakin iskar da ƙura fiye da yadda hannu ke yi, kuma babu mutum kusa da zai ga tartsatsi. A fashewar mahaƙar kwal ta Upper Big Branch a jihar West Virginia ta Amurka ranar 5 ga Afrilun 2010, inda mutum 29 suka rasu, bincike ya nuna haƙoran injin sun cinye, wasu bakunan feshin ruwa sun toshe ko babu su, ƙaramar wutar metan ta tashi, ƙurar kwal da ba a danne da garin dutse ba ta ɗauke ta ta zagaya ramin. Duba haƙora da ƙirga bakunan feshi aikin ido da hannu ne har gobe. Duk na'urar da za a shigar ƙasa, har da kyamara da akwatin sadarwa, dole ta zama irin wadda aka tabbatar ba ta fitar da tartsatsi. Kwal ɗinmu kuma yawancinsa mai taushi ne da ke iya ɗumama ya kama wuta da kansa, don haka a sa na'urar auna iskar kabon monoksaid, iska mai guba da kwal ke fitarwa idan ya fara ci, a hanyar fitar iska, a kuma lura da tarin kwal a waje.

Tsarin doguwar fuska, inda garkuwoyin ƙarfe ke tokare rufi suna matsawa da kansu bayan inji ya wuce, ba na jin za ku kai gare shi nan kusa. An gwada shi a Inugu a ƙarshen shekarun 1970 da kayan da aka kawo daga ƙasar Folan, bai ɗore ba saboda injinan ba su dace da yanayin ƙasar wurin ba. Abin da za ka ɗauka daga nan shi ne a auna ƙasa da ruwa da ƙarfin masu gyara kafin a sayi inji.

Bel mai jan kwal kuwa kuna da shi ko za ku samu, kuma shi ne injin da ke tashi da kansa wanda aka fi rainawa. Igiyar tsayarwa ta bi tsawonsa duka, a ja ta a gwada daga wurare daban-daban kowane mako. Kan bel da wutsiyarsa su sami murfin raga wanda ba ya buɗuwa sai da sifana. Jiniya ta yi kuka kafin ya tashi, a ji ta har ƙarshensa. Babu shara da shebur a kusa da gangar bel yana tafiya, babu tsallaka shi sai ta gada. Babbar riga, rawani mai jela da carbi a wuya ba sa zuwa wurin.

Saura mutane, kuma a nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Idan ana biyan ma'aikata da yawan tifar da aka loda, sannan na'ura na tsayar da aiki, ka sani ka haɗa cikin mutum faɗa da lafiyarsa, kuma ciki ne zai yi nasara. Ka zauna da manaja a gyara lissafin yadda tsayawar tsaro ba za ta rage wa kowa kuɗi ba. Kowane ma'aikaci, har sabon lebura, ya sami ikon danna maɓallin tsayarwa ba tare da an tuhume shi ba, ko da daga baya aka ga ba komai. Mutanenmu na da kunya da girmama na gaba, yaro ba zai so ya tsayar da injin da babban direba ke kai ba, don haka sai manyan sun faɗa da bakinsu a gaban kowa cewa sun yarda.

Harshe ma abin dubawa ne. A rami ɗaya za ka sami mai jin Hausa, da mai jin Igala ko Tangale, da injiniyan da ya zo da injin daga waje, allon kuma yana rubutu da Turanci ko Sinanci. Ku tsayar da kalmomi kaɗan na oba-oba waɗanda ba sa canjawa, kamar tsaya, na tsaya, shigo, na fita, kowa ya haddace, kuma duk umarni a maimaita shi da lambar inji. Shiru ba amsa ba ne: wanda ya kira bai ji an amsa ba, ya tsaya inda yake. Mai zama a ɗakin kula kuma kada a tara masa injina fiye da yadda idonsa zai ɗauka, a riƙa canja shi, domin kallon allon da komai ke tafiya daidai na kawo gyangyaɗi, musamman a aikin dare da kuma watan azumi. Ka tura shi cikin rami lokaci-lokaci ya taka hanyar da ƙafa, ya san fuskokin waɗanda yake gani a matsayin ɗigo a allo.

Ta fuskar hukuma, dokar ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 su ne madogara, kuma sashen duba mahaƙu na Ma'aikatar Ma'adinai a Abuja, mai jami'ai a jihohi, shi ake kai wa rahoton haɗari. Ka sanar da jami'in jiharku tun kafin injinan su fara aiki. A yarjejeniyar saye kuma ka nemi a rubuta cewa kayan sun bi ma'aunin ISO 17757 na injinan da ke sarrafa kansu, a haɗa da horar da makanikanku, da kayan gyara na aƙalla shekara guda a ajiye a wurin, da sharaɗin cewa ba za a sabunta manhajar inji daga nesa ba sai da saninku. Duk sabuntawa a ɗauke ta kamar sabon inji ne ya zo, a sake gwaji daga farko.

Ranar da kayan suka iso, kada a kai su bakin aiki. A ware fili babu kowa, a cika buhuna da ciyawa a sa musu riga mai ƙyalli da hular kwano, a ajiye ɗaya a tsaye, ɗaya a tsugune, ɗaya a kwance, wani da na'ura a jiki wani babu. A tura injin kansu da rana, da dare, da bayan an tayar da ƙura, da bayan an jiƙa hanya. A cire batirin rimot yana cikin tafiya. A kashe turken sadarwa, a kunna, a ga ko zai motsa ba izini. Leburori da direbobi da makanikai duk su tsaya daga nesa su kalla da idonsu, musamman gwajin buhun da ke kwance da wanda babu na'ura a jikinsa. Abin da ya faɗi a gwajin a rubuta, mai kaya ya gyara, a maimaita, sannan ka sa hannu.